Alƙali Mai Kunyar Ɗan Fari

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu saurara.

Kwana uku Kaza ta kasa cin tsaba. Shaho ya ɗauke mata tsako yana tsare da shi, alƙalin garin kuwa Mikiya ne, uban Shaho.

Kaza ta je gabansa ta durƙusa, ta kai ƙara.

Mikiya ya ce, "A kan buzun nan ba ni da ɗa."

"To Allah gafarta Malam, kira wanda nake ƙara."

Shaho ɗan fari ne, uba ba ya faɗin sunansa. Mikiya ya yi tari. "Wannan... yaron nan..."

"Malam, bakin da ke kunyar sunansa ne zai hukunta shi?"

Mikiya ya naɗe buzunsa ya tashi. Aka kira Jimina ta zauna a madadinsa ta yanke hukunci, aka dawo da tsako kafin azahar.

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan ku raba.