Yarinyar da Ta Toshe Gindin Tukunya

Ya fito! Yaya Briskila, ya fito, yau dai ya fito! Ajiye jakar nan, turo ƙofar. A'a, kada ki kira Mama! Zo nan bakin taga ki sunkuya. Kin gan shi? Ba wannan ba, wannan ai kututture ne. Can gefe, ɗan koren nan da ya nannaɗe kamar tsinken sakace. Ganye ne, Yaya, sabon ganye! Kada ki taɓa! Ko numfashi kada ki yi da ƙarfi a kansa.

Kina kallona kamar na zare. Ke da kina makarantar kwana wata biyu, ina za ki san abin da na gani a ɗakin nan? Zauna. Dama Malama Damaris ta ce ranar Lahadi kowa a ajinmu na majami'a ya zo da misali guda, ya faɗa a gaban yara, ya kuma faɗi ma'anarsa. To nawa ke nan. Zan faɗa miki yadda zan faɗa musu. Ke dai kada ki katse ni, in kin katse ni kuka zan yi.

Akwai wata tsohuwa a wani gari, tana da fulawa guda ɗaya a cikin tukunyar ƙasa. Ganyenta fala-fala ne, kore shar, da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa madara. Mijinta ne ya dasa ta da hannunsa tun yana da rai. Kowace shekara in bikin Ista ya zo, akan ɗauki tukunyar a kai majami'a a ajiye gaban bagadi, in an tashi a mayar mata gida.

Ana nan sai idon tsohuwar ya dushe. Ɗanta ya zo zai tafi da ita birni a yi mata aiki. Sai ta kira wata yarinya 'yar maƙwabta ta ce, "'Yata, ga amana. Ki ajiye ta inda haske yake, in ta ji ƙishi ki ba ta ruwa. Mako shida zan yi."

Yarinyar ta ce, "To, Kaka." Alhali kuwa ko albasa ba ta taɓa shukawa ba. Kunya ce ta hana ta cewa ba ta iya ba.

Ta rungumo tukunyar zuwa gida, ga nauyi. Da ta iso bakin ƙofa hannunta ya gaji, ta dire ta da ƙarfi, ta ji ƙwas! Ta dudduba, ba ta ga komai ba. Ta shigar da ita ɗaki, ta ƙirga ganyen, goma sha ɗaya. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba.

Ga shi kuwa, sai ruwa ya fara bin ledar ɗaki. Ta karkata tukunyar ta leƙa gindinta, sai ga huji, babban yatsa zai shiga. Ta ce a ranta, "Wayyo ni, na fasa tukunyar marigayi tun ranar farko! In Mama ta ji, na shiga uku. In Kaka ta ji, da wane ido zan dube ta?" Sai ta yagi tsumma ta cusa a hujin, ta kunna kyandir ta yi ta ɗiga masa har ya toshe ruf. Ta sake zuba ruwa, ko ɗigo bai fita ba. Ta ce, "Na gyara. Ba wanda zai sani."

Yaya, ki daina danne dariya, ina ganinki. E, fulawar Kaka Fibi ce. E, ni ce. Amma a misali ba a faɗin suna. Bari in ci gaba.

Tun daga ranar, yarinyar ba ta sami kwanciyar rai ba. Ta ce tun da ta yi wa tukunyar laifi, bari ta kyautata wa fulawar. Da safe kafin ta tafi makaranta, moɗa guda. Ta dawo da rana, moɗa guda. Da yamma kuma moɗa guda. Har ragowar shayinta ta taɓa zuba mata, wai ta sami ƙarfi.

A rana ta tara, ganyen ƙasa ya yi rawaya ya langaɓe. Yarinyar ta ce, "Ƙishi take ji," ta ƙara ruwa. Washegari ya faɗi. Ta tsince shi da sauri ta ɓoye a cikin littafin lissafi. Bayan kwana biyu wani ya bi shi. Sai wani. A aji malami yana rubutu a allo, ita kuwa tana buɗe littafi tana ƙirga gawar ganye.

Da ta ga abin ya fara bayyana, sai ta janye tukunyar daga bakin taga, ta tura ta bayan ƙofa, ta rataye zane a gabanta. Can cikin duhu ƙasar ta zama taɓo, ta soma wari kamar kwata, waɗansu 'yan ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka tare a kai. Uwarta ta shigo ta ce, "Ɓera ne ya mutu a ɗakin nan?" Yarinyar ta ce, "Wataƙila, Mama." Har ta taya ta ɗaga katifa suna nema.

Ana cikin haka sai ɗan tsohuwar ya bugo waya, ya ce aiki ya yi kyau, ido ya buɗe tar, har ita da kanta take zura zare a allura. A gidan su yarinyar kowa ya yi ta godiya ga Allah. Yarinyar kaɗai ce ba ta yi murna ba. Sai aka miƙo mata wayar, tsohuwar ta ce, "'Yata, yaya amanata? Na ƙosa in gan ta da sabon idona. Shekara huɗu rabona da ganin ɗigon nan na jikinta."

Yarinyar ta ce, "Tana nan lafiya lau, Kaka."

A ranar kuwa ganye uku suka rage.

Yaya, nan ne wurin da nake tsoron faɗa ranar Lahadi. Ba ni ruwa in kurɓa. A'a, ba na moɗar nan ba, ko ganinta ba na so.

To, akwai wani tsoho mai lambu a bakin titi kusa da gada, yana sayar da dashe a cikin baƙar leda. Da ganye ya rage ɗaya tak, yarinyar ta sa tukunyar a buhu, ta bi ta bayan layi don kada a gan ta, ta je ta durƙusa a gabansa.

Ta ce, "Baba, don Allah kana da maganin fulawa?"

Ya buɗe buhun, ya kau da kai ya toshe hanci. Ya tsoma yatsa a ƙasar, ruwa ya taso. Ya ce, "'Yan mata, fulawa kike kiwo ko tarwaɗa?"

Ta ce, "Ba ta da lafiya ne, shi ya sa nake ba ta ruwa da yawa."

Ya ce, "Sau nawa?"

Ta ce, "Sau uku a rana."

Ya ce, "Ni da nake wuni a rana ban sha kamar haka ba." Ya karkata tukunyar, ya ga kyandir. Ya ce, "Wane gwanin ne ya yi wannan aiki?"

Nan yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗa masa duka, da ƙwas ɗin, da tsumman, da ƙaryar da ta yi a waya. Tsohon ya miƙe. Ya kama hannunta ya kai ta inda ya jera sababbin tukwane. Ya ce, "Kifa wannan." Ta kifa, ga huji. "Kifa waccan." Ga huji. Ta kifa har guda bakwai, kowace da hujinta, a tsakiya, zagaye sumul.

Ya ce, "Duk ke kika fasa su? Maginin tukunya ne yake huda ta tun yumɓu yana ɗanye, don ruwan da ya yi yawa ya sami hanyar fita. Ba ki fasa komai ba, 'yata. Ranar da kika toshe, ran nan kika fara ɓarna."

Sai ya ɗauko ƙusa ya ɓarke kyandirin. Baƙin ruwa mai ɗoyi ya tsiyaye a ƙasa. Ya zaro fulawar, saiwoyinta sun yi baƙi sun yi laɓo-laɓo kamar taliyar da ta dahu ta wuce. Ya ɗauko reza. Yarinyar ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, kada ka yanka! Abin da ya rage ke nan!"

Ya ce, "In na bar ruɓaɓɓen, zai cinye mai rai. Sake ni."

Ya yanke, ya yanke, har ganyen ƙarshen ma ya cire, ba abin da ya rage sai ɗan kututture da saiwa biyu farare. Ya barbaɗa toka a wurin yankan. Ya kawo sabuwar ƙasa ya gauraya da yashi da busasshen taki, ya ɗora ɗan gutsuren fasasshiyar tukunya a kan hujin don ƙasa kada ta zube, ya mayar da kututturen.

Ya ce, "Kai ta bakin taga, inda haske yake amma ranar tsaka ba ta dukanta. Kullum ki tsoma yatsa har gaɓa ta biyu. In ƙasa ta manne miki, ajiye moɗa. Sai ta bushe za ki zuba, ki bar shi ya fita ta ƙasa, ki sa faranti ya tare."

Ta ce, "Za ta rayu?"

Ya ce, "Ni dashe nake yi, ba ni nake ba da rai ba. Je ki jira."

Jiran nan kuwa ya fi komai wuya. Kwana goma sha shida yarinyar tana duban kututture, kututture yana dubanta. Hannunta yana ƙaiƙayin moɗa, tana janye shi. Sau uku kaɗai ta zuba ruwa a duk kwanakin nan. Kowace safiya takan ce yau zan tarar ya bushe. A rana ta goma sha bakwai, ɗan ganye ya leƙo.

To, ga ma'anar misalin nan, ku kasa kunne. Haka zan ce musu, Yaya, in ɗaga yatsa kamar Malama.

Fulawar nan ita ce duk abin da Ubangiji ya danƙa a hannunmu: ƙaninka da aka ce ka kula da shi, aikin da aka sa ka, har zuciyarka kanta. Ba laifi ba ne a ba ka abin da ba ka iya ba. Da yarinyar ta buɗe baki ranar farko ta ce, "Kaka, yaya ake yi?" ko ta ce, "Mama, zo ki ga huji," da magana ta ƙare a nan, da ganye goma sha ɗaya suna nan. Tsoro ne ya rufe mata baki. Kyandirin nan shi ne shirun da muke yi in muna tsammani mun yi laifi. Wa ya taɓa fasa kofi a cikinku ya tura ƙarƙashin gado? Ku sauke hannu, na gani. Daga ranar sai ka ga kana ta wanke-wanke ba a sa ka ba, kana shara sau biyu, kana gaisuwa har ƙasa. Ruwan moɗa ke nan. Kana ta zubawa, ciki yana ruɓewa, domin ka toshe hanyar da Allah ya bari abin ya fita, wato ka faɗa. Faɗin kuwa akwai zafi, kamar rezar nan, wani lokaci ma sai ka rasa abin da kake ta riƙewa. Amma wanda ya ƙi faɗa, har kututturen zai rasa. Ɗan ganyen kuma alheri ne. Yarinyar ba ta cancance shi ba, an dai ba ta.

Nan zan tsaya in ce mu yi addu'a.

Amma Yaya, ni abin bai ƙare mini ba. Kaka Fibi jibi Asabar za ta dawo, da sabon idonta. Ta bar mini goma sha ɗaya, zan kai mata ɗaya, shi ma bai buɗe ba. Ista saura mako uku, me za a ajiye gaban bagadi? Kuma na ce mata lafiya lau. Da bakina na faɗa. Ba zan iya tsayawa gaban yara ina ba da misali ba alhali ita ba ta ji ba. Da zarar motarsu ta tsaya zan ɗauki tukunyar in je, har da littafin lissafin, in buɗe mata ta gani. Ban san me za ta ce ba. In ta yi faɗa da sauƙi. In ta yi shiru tana shafa tukunyar fa?

Za ki raka ni? Ko a bakin ƙofa ki tsaya, ba sai kin shiga ba.

Wayyo, ga Mama nan, na ji takunta. Yaya, don Allah, don girman Allah, kada ki faɗa mata tukuna. Kin san ta, kafin magariba duk matan Zumuntar majami'a sun ji, wata ta riga ni buga wa Kaka waya. Ina so daga bakina ta fara ji. Kwana biyu kawai na roƙe ki. Ki ce kin yi alkawari. Yaya, ki faɗa mana, ta kusa ƙofa!