Gaisuwar da ta Raba Abarshi da Motar Albasa

Akwai wani mutum a Bazaga ana ce masa Abarshi. Manomi ne, da rani kuma yana jan amalanken jaki. Ladabi kam ba a magana, amma yana da hali guda mai ban haushi: zargi. Ko murmushi ka yi masa, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nufi.

Wani ɗan kasuwar albasa a Ƙonni, Alhaji Wakili, ya sayi sabuwar mota, ya ce wa Abarshi: "In ka samu permi kahin a ɗebe albasa, kai za ka riƙe ta. In ba ka samu ba, ba ni iya jira."

Abarshi ya shiga makarantar koyon tuƙi wajen wani Malam Hamani, don neman permin, wato lasisin tuƙi. Jarrabawar takarda ya cinye ta. Giya, birki, ja da baya, duk ya kama su da wuri. Saura ta kan titi, wadda mai jarrabawa zai zauna gefensa su kutsa cikin gari.

Matsalarsa guda ce. A kan amalanke, in ya hango babba, sakin igiya yake ya ɗaga hannu biyu ya sunkuyar da kai, jaki kuwa ya san hanya. To haka ya riƙa yi wa sitiyari.

"Abarshi, wagga ba jaki ba ce!" in ji Malam Hamani. "In ka sake ta, ba ta san gida ba."

"Malam, in wuce babba ban gaishe shi ba? Mi za a ce da ni?"

"A ce direba."

Bayan kwana biyu sai wani abu ya fara faruwa. Duk sanda suka iso mararrabar kasuwa, inda 'yan kabu-kabu ke ketowa ta ko'ina, sai ga Baba Takama tsaye da sandarsa. Baba Takama kuwa surukin Abarshi ne, mahaifin matarsa Zalika. Tsoho ya ɗaga hannu, Abarshi ya saki sitiyari, mota ta mutu a tsakiyar titi, a yi ta danna masa oda.

Ran farko ya ce dace ne. Da abin ya maimaitu, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Tsohon da gwiwa ta hana zuwa masallacin Juma'a, me yake nema a Ƙonni kullum?

Sai ya sa ido. Rannan ya hango wanda ke kawo tsohon a kan babur: Mutari ne, ɗan kawunsa. Kashegari kuma ya tarar da Mutarin a bayan makaranta suna ƙus-ƙus da Malam Hamani. Suna ganinsa suka yi tsit.

Shi ke nan, wuta ta kama.

"Na gane su," ya ce wa Zalika da ya koma gida. "Mutari motar Alhaji yaka so. Ya haɗa baki da malam don in hwaɗi. Har da babanki anka jawo."

"Mutarin da ko birki bai sani ba in ba na babur ba?" ta ce. "Maigida, ka tambaye shi mana. Ɗan'uwanka ne."

"In tambayi mai haƙa mini rami ko rami yaka haƙa?"

"To bari ni in tambayi Baba."

"Kul! Kada ki bari su san na gane."

Ni dai abin da ke ba ni takaici da mai zargi ke nan. Tambaya ɗaya ta isa ta kashe maganar, amma ya fi son ya zauna da abinsa a ciki yana jin shi mai wayo ne.

Abarshi ya daina zuwa makarantar, ya ce ba shi da lafiya. A ɓoye ya samu wani direba da ke ba shi mota da safe a kan hanyar Tsarnawa, inda babu cunkoso, babu wanda ya sani, sai awaki. Can tuƙinsa ya yi kyau har yana yabon kansa. Mutari ya kira shi, bai ɗauka ba. Malam Hamani ya aiko, ya ce a ce ba ya nan.

Ranar jarrabawa ta faɗo ranar kasuwa. Gari ya cika maƙil: amalanke, manyan motoci, masu tallar rake, raƙuma da kaya. Mai jarrabawa ya shiga ya zauna, fuska ba wasa, ya ce: "Mu je."

Abarshi ya tashi mota lafiya lau. Ya ba mai tafiya a ƙasa hanya, ya sa sigina, ya sha kwana. Da suka doso mararraba ya waiga wurin da Baba Takama ke tsayawa. Ba kowa. Ya yi murmushi, a ransa yana cewa ya kuɓuce musu.

Bai san ranar kasuwa rabin Bazaga a Ƙonni take wuni ba? Ya sani, mantawa ya yi.

Gaba kaɗan, sai ga limamin garinsu yana saukowa daga amalanke. Liman ya gane shi, fuskarsa ta washe, ya ɗaga hannu. Kafin Abarshi ya yi tunani, hannuwansa biyu sun bar sitiyari, kansa ya yi ƙasa.

"Allah gafarta Malam!"

Mota ta karkata. Mai jarrabawa ya fizgo birkin hannu, amma sai da gabanta ya tura tulin ƙwaryar wata mata, ƙwarya ta watse a titi. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni.

"Sauka," in ji mai jarrabawa.

Abarshi na zaune a gindin bishiya a ƙofar makaranta, kai a gwiwa, sai ga Mutari da Malam Hamani. Ya miƙe a fusace.

"To, burinku ya cika. Tahi ka karɓi motar!"

"Wace mota?" in ji Mutari.

Malam Hamani ya girgiza kai. "Abarshi, ni na kira Mutari. Na ce mishi ɗan'uwanka ya iya tuƙi, gaisuwa ɗai za ta kada shi. A samo mini mutumin da ya hi jin kunyarshi duk duniya, a tsai da shi bakin titi kullum, har ya koyi wucewa da hannu bisa sitiyari. Da mun hwaɗa maka, da ka ɗauke shi wasa."

Mutari ya ce: "Baba da kanshi ya ce a kawo shi. In mun koma gida sai an gasa mishi gwiwa da ruwan zahi. Ko da ka daina zuwa, sai da ya yi ta zuwa yana jira. Cewa yake, 'Ranar da yaron nan ya wuce ni bai dube ni ba, ranar za ni ce ɗiyata ta samu direba.'"

Abarshi ya sunkuyar da kai. Ya koma ya zauna, hawaye na zuba, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kafin a sake wata jarrabawar an riga an ɗebe albasa. Alhaji Wakili ya cika maganarsa, bai jira ba, ya ba wani mutumin Malbaza motar. Da amalanken jakinsa Abarshi ya riƙa kai mata buhuna, yana ɗora wa wani direba kaya.

Darasi: Zargi yana sa ka guje wa masu ƙoƙarin ɗaga ka, ka ɗauka kai ne mai wayo. In ka ga abin da ba ka gane ba daga ɗan'uwanka, je ka tambaye shi kafin ka yanke masa hukunci. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani na can yana gudun mai son shi da alheri.