Jan Wata a Kan Gangare

An yi wani sarki a birnin Tsamiyar Kudu, sunansa Mamuda, mai kyauta ne da girmama malamai, sai dai Allah Ya jarrabce shi da zargi, ko tari aka yi a fada sai ya bincika abin da ake nufi. Yana da waziri, wani dattijo mai suna Haliru, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a yawon neman ilmi.

Wata shekara bayan kaka, lokacin da manoma ke ƙone ragowar kara a gonaki, sai wata ya shiga fitowa ja wur daga gabas, daidai saitin garin Gangare, inda Zubairu ƙanen sarki yake hakimci. Wani ɗan duba, irin waɗanda ba su samun tuwo sai hankalin manya ya tashi, ya rantse wa sarki cewa wannan jini ne, kuma daga Gangare za a zo a zubar da shi. Ana cikin haka sai ga Zubairu ya iso gaisuwa, ko sanda bai riƙo ba. Sarki ya sa aka buga masa mari a ƙafa, ya yanke hukunci cewa in wata ya sake fitowa ja a yammacin nan, hauni ya sare kansa.

Haliru kuwa ya san tabbas wata ja zai fito. Ya kuma san halin ubangidansa, in ya tashi yi masa bayani kai tsaye, cewa zai yi da shi aka haɗa baki.

Da rana ta faɗi aka taru a ƙofar gabas, aka durƙusar da Zubairu.  Can sai ga wata ya leƙo kamar garwashi, hauni ya zare takobi. Haliru ya faɗi gaban sarki, ya ce, "Allah Ya ja zamanin sarki, ina roƙon izinin tambaya ɗaya ga ɗaurarren nan. In amsarsa ba ta gamsar ba, a haɗa wuyana da nasa."

Sarki ya ɗaga wa hauni hannu ya dakata. Haliru kuwa bai gana da Zubairu ba tun zuwansa, bai san abin da zai fito daga bakinsa ba. Ya yi ta maza ya tambaye shi, su a Gangare, in wata zai faɗi da asuba, ta ina yake faɗuwa, kuma da wane launi.

Zubairu ya sunkuyar da kai, ya ce, "A kan birnin nan yake faɗuwa, ja kamar yadda ake ganinsa yanzu. Dattawan garina sun ce alama ce Yaya zai zubar da jinina, har suka riƙe mini linzami suna kuka kada in zo. Na ce musu ba zan munana wa ɗan'uwana zato saboda launin wata ba."

 Nan Haliru ya samu bakin magana, ya bayyana cewa wata ba ya sauya launi a zatinsa, sai dai in yana ƙasa-ƙasa haskensa kan ratso hayaƙi da tururin da ke kwance bisa doron ƙasa, sai ya iso ga ido ja, in kuwa ya yi sama, hijabin ya yi sirara, sai ya koma fari. Ya ce, "Ranka ya daɗe, jan nan ba a jikin wata yake ba, tsakaninmu da shi yake. Ɗaga kai ka gani."

Sarki ya ɗaga kai, ga wata ya haura, ya soma washewa. Kunya da nadama suka rufe shi, ya sauko da kansa ya cire marin, ya rungume ƙanensa yana hawaye a gaban jama'a. Aka nemi ɗan duba, ashe tuni ya sulale. Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Haliru, ya kuma shar'anta cewa daga ranar ba za a zartar da hukuncin kisa ba sai an ji ta bakin wanda ake tuhuma.

Haka adalci yake, ya kai mai sauraro: kafin shugaba ya hukunta abin da ya hango daga nesa, wajibi ne ya tambaya yadda ake hango shi daga can.