Dolly Ba Ta Saki Ba

Akwai wani mutum a kudancin Texas, sunansa Royce Tidwell. Sana'arsa kai 'yan birni farautar aladen daji a wata babbar gonar kiwon shanu, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa, tsoho Odell. Na san su ciki da waje, don ni ke dafa wa maharban abinci a masaukin gonar.

Aladun nan annoba ne. Su tone makiyaya, su fasa bututun ruwa, su kashe ɗan maraƙi in sun samu.

Da karnuka iri biyu ake farautarsu. Akwai masu bin sawu, su gano alade su tsare shi da haushi. Akwai kuma na kamu, wanda ake riƙe da shi a igiya har a iso wurin. In aka sake shi, kunnen aladen yake cafkewa, kuma ba ya saki sai mai shi ya zo da wuƙa ya gama aikin. Haka ake koya musu. Ba su san wani abu ba bayan wannan.

Odell yana da karyar kamu, Dolly, fara mai faɗin kai, ta fara furfura a baki. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, matarsa kuma ta rasu, ita ke tashinsa da safe. Ta ɗora masa kai a gwiwa, ta ƙi ɗaukewa sai ya jawo sanda sun taka zuwa bakin titi sun dawo. Likita ya ce tafiyar nan ce ke riƙe masa ƙafa.

Wata Asabar karen kamun Royce ya taka ƙaya yana ɗingishi, ga baƙo ya iso daga Houston, wani mai jiki, Mista Langford, da sabon takalmi yana ƙyalli. Royce ya sami uban a kicin ɗina yana kurɓar kofi.

"Baba, ara mini Dolly. Yau kaɗai."

"Ta yi ritaya kamar ni," in ji Odell. "Ka ce wa baƙon ya kama kunnen da haƙorinsa, ai na ga yana da su da yawa."

Langford, da ke gefe yana cin abinci, ya yi dariya har wake ya sarƙe shi. "Tsoho, ni haƙorana na saye ne, sun fi motarka tsada!"

Royce ya yi ta naci. A ƙarshe Odell ya sunkuya da ƙyar, ya ɗaura wa Dolly rigar kariyarta mai kauri da hannunsa ɗaya mai aiki.

"Kada ka cire mata igiya sai ka ga aladen da idonka. Ka ji ni, yaro?"

Royce ya ɗaga wayarsa. "Baba, wannan na zamaninku ne. Kowane kare da na'ura a wuyansa. Ko atishawa ya yi ina ganinsa a nan."

"Da idonka na ce."

"To, to. Mun ji, Shugaban ƙasa."

Na so in kwaɗa masa ludayi. Ban yi ba, don ya wuce shekarun duka.

Hantsi ya ɗaga sa'ad da masu bin sawu suka ɓarke da haushi. Suka ajiye a-kori-kura a bakin hanya, suka shiga sarƙaƙiyar ƙaya da ƙafa. Langford na haki, takalmi ya fara cin sa, amma baki bai mutu ba.

"Royce, an ce mini kai ne gwani a nan. Yaushe za a ga aiki? Ni fa so nake in ɗauki hoton karyar tana gudu, daga farko. Ko sai ka koma gida ka nemi izinin Baba?"

Maganar ta soki Royce. Ya dubi waya. Karnukan na nan gaba kaɗan, jifa ɗaya. Bai ga alade ba, ƙaya ta rufe gaban. Ya kwance igiya.

"Kama shi, Dolly!"

Ta fita kamar ba ita ce mai furfura ba.

Suka bi ta. Suna fitowa daga sarƙaƙiya sai ga shingen ragar ƙarfe, wanda ya fi mutum tsawo nesa, da ƙayar waya a samansa. Mai gonar ne ya kafa shi don tsare barewa. Royce ya san da shi sarai, amma taswirar wayarsa ba ta nuna shinge, shi kuma ita yake kallo. Aladun sun yi rami a ƙasan ragar, ta nan karnuka suka bi. Kafaɗar mutum ba ta shiga.

Sai suka ji haushi ya canza, alade ya yi ƙara. Dolly ta kama.

Royce ya yi tsalle ya kama raga, ƙayar sama ta yage masa hannu, ya faɗo. Ƙofar shingen na can nesa, ga kwaɗo a jiki, makulli kuma na cikin mota. Ya zuba da gudu yana ihu, "Saki, Dolly! Saki!" Alhali ya san ba a taɓa koya mata wannan kalmar daga nesa ba.

Langford ya tsaya rungume da raga yana saurare. Daga baya ya ce mini ina ma kurma ne shi a ranar.

Da Royce ya zagayo da mota ya iso, sai ya tarar aladen ƙaton namiji ne, haure kamar lauje. Ya yi ta wujijjiga ta har rigar ta zame, ya farke ta a ciki. Ƙafafunta na baya sun daina ɗaukarta. Amma bakinta na kan kunnen. Sai da Royce ya soke aladen, ya dafa ta ya kira sunanta, sannan ta buɗe baki, ta lashi hannunsa.

Ba ta kai asibitin dabbobi ba.

Odell na baranda da suka dawo. Ya ga bargo a bayan mota, ya ga hannun ɗansa. Bai tashi ba.

"Ka ga aladen?"

"A'a, Baba."

"Ta saki?"

"Ba ta saki ba."

Tsoho ya gyaɗa kai. "To. Ita ta yi nata."

Da zaginsa ya yi da ya fi wa Royce sauƙi.

Daga ranar Odell bai sake taka hanya ba. Royce ya zo da safe ya ce su fita, tsohon ya ce gobe. Ni ma na je na yi masa faɗa, ya ce, "Ke dai dafa wakenki." Ƙafar ta sandare.

Royce ya nemo 'yar kwikwiya mai kyau, ya ɗora masa a cinya. Odell ya shafa kanta, ya daɗe yana shafawa, sannan ya miƙa masa ita.

"Mayar da ita, ɗana. Ni ba ni da sauran shekarun koya mata. Kai kuma ban yarda in ba ka wata ba."

Kafin sanyi ya wuce, 'yar Odell ta zo ta tafi da shi birni a keken guragu. Royce ne ya ɗauke shi cak ya sa a mota, yana kuka, uban na kallon gaba.

Darasi: Duk wanda ka san ba zai saki ba saboda kai, mutum ne ko dabba, kada ka tura shi inda ba ka tabbatar za ka iya iske shi ba. Kuma kada tsokanar baƙon kwana ɗaya ta sa ka watsar da maganar wanda ya haife ka. Ku tura wa 'ya'yanku wannan, musamman masu ganin sun fi kowa sani.