Famfo Biyu da Tagogin Masallacin Gwangwan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Wanda Ya saukar da ruwa daga sama, kuma Ya sanar da ɗan Adam dabarar mayar da shi sama da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, ku ba ni aron hankalinku kaɗan.

Akwai wani mutum a Karaye mai suna Abdulmutalib. Shi da ɗan kawunsa Badaruddeen taubasai ne, kuma tare suka taso cikin noman rani a bakin dam ɗin Challawa. Tun suna samari, kunnensu ya saba da rurin injin ban-ruwa.

Da gine-gine masu manyan gilasai suka yawaita a yankin, irin su gidajen mai da makarantu da masallatai, sai su biyun suka yi niyyar shiga sana'ar wankin tagogi. Kowannensu ya samu tsohuwar ƙaramar bas, ya ɗora tankin ruwa a bayanta. Daga tankin akwai doguwar tiyo da ke haɗe da sanda mai tsawo, a kan sandar kuma akwai burushi. Abin da ya rage musu shi ne famfo mai aiki da batir, wanda zai tura ruwa daga tanki har bakin burushin.

Ran kasuwar Rogo suka je wurin Malam Sulle, wani dattijo da ya tsufa yana gyaran famfo da sayar da shi. Bayan doguwar gaisuwa, ya ajiye musu guda biyu a kan benci. Ɗaya ja ne mai sheƙi, cikin kwali mai zane. Ɗayan baƙi ne, ba shi da wani ado, amma kuɗinsa ya ninka na jan har sau uku.

Abdulmutalib ya ce a gwada. Aka haɗa jan da batir, aka tsoma bakinsa a bokiti. Nan take ya yi ruri, ruwa ya ɓulɓulo har ya jiƙa ƙafar wandonsa. Aka haɗa baƙin. Shi kuwa sai wani ɗan gunji a hankali, ruwansa siriri, miƙe kamar zare.

Abdulmutalib ya kwashe da dariya. "Baba Sulle, wannan ai tari yake yi. Ko kunyar mutane yake ji?"

Malam Sulle ya ce, "Ɗana, ɗaga su ka ji."

Ya ɗaga. Jan ba shi da nauyi, baƙin kuwa sai da ya sa hannu biyu.

"Nauyin nan jan ƙarfe ne aka naɗa a cikinsa," in ji dattijon. "Kai da idon mai noman rani kake kallo. A gona, ruwa mai yawa ake so, ya kwanta ya bi ƙasa. A nan kuwa ruwa kaɗan ake so, amma ya hau sama, ya yini yana hawa. Sa'an nan baƙin nan, in ka murɗe ruwa daga sanda, da kansa yake tsayawa. Jan ba ya tsayawa sai ka zo ka kashe shi da hannunka."

"Baba, shekara ashirin ina tare da inji. Ni za a koya wa ruwa?"

Malam Sulle ya miƙa masa jan. Ya ce, "Allah Ya sa albarka."

Abdulmutalib ya ɗauki jan. Da rarar da ta saura, ya sa aka rubuta sunansa da lambar wayarsa da manyan baƙaƙe a jikin motar. Badaruddeen kuwa ya ce, "Baba, a ajiye mini baƙin. In na sayar da gyaɗata zan dawo."

Wata biyu cur Badaruddeen yana yawo da bokiti da tsani, motarsa na ajiye a ƙofar gida. Duk inda suka haɗu, Abdulmutalib sai ya danna hon, ya leƙo ta taga.

"Sarkin Jinkiri! Har yanzu gyaɗar ba ta nuna ba? Zo in ɗauke ka aiki, ka riƙa riƙe mini tiyo!"

Tsakanin taubasai wasa halal ne, kowa ya sani. Amma nasa ya wuce wasa, domin a gaban jama'a yake yi, har mutanen tasha suka kama sunan. Badaruddeen sai ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya ba da sa'a, taubashi." Da ya sayar da gyaɗar, ya je ya karɓo famfonsa, ya ci gaba da aiki ba tare da hayaniya ba.

Gaskiya ita ce, jan famfon bai ba da kunya da farko ba. Tagogin shaguna da na gidajen mai duk a ƙasa suke, ya wanke su tas. Wannan ne ya ƙara wa mai shi yarda da kansa.

Ana nan sai mutanen Gwangwan suka kammala sabon masallacin Juma'a, wanda suka yi shekara bakwai suna ginawa da gumin gonakinsu. A ƙarƙashin ƙubbarsa akwai tagogi goma sha biyu a zagaye. Magina sun kwashe katakon hawansu sun tafi, sun bar gilasan lulluɓe da ƙurar siminti da feshin farar ƙasa, har cikin masallacin ya yi duhu da rana tsaka. Babu tsanin da zai kai wurin, ga shi an sa ranar buɗewa Juma'a mai zuwa.

Wani ya tuna da motar nan mai lambar waya a jiki. Aka kira Abdulmutalib, aka kai shi gaban limamin garin, Malam Mahmudu, dattijo ɗan shekara tamanin wanda idanunsa suka yi rauni ƙwarai.

Abdulmutalib ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, barka da hutawa."

Liman ya lalubi hannunsa ya riƙe. "Ɗana, ni ne na roƙi magina su buɗe tagogin nan a sama. Ina so mutane su yi sallar farko cikin hasken da Allah Ya halitta. Za ka iya kafin Juma'a?"

"Allah gafarta Malam, ka ɗauka an gama. Na yi maka alkawari."

Bai ce in Allah Ya so ba. Waɗanda suke wurin sun lura.

Ranar Alhamis da hantsi ya iso. Ya fara da tagogin ƙasa, suka yi fes, mutane na ta yabo. Sa'an nan ya hau rufin masallacin ta matakala, ya jawo tiyo, ya zare sandar har ƙarshenta, ya kai burushi ga tagar farko ta ƙubba.

Famfo na ruri a mota kamar zai fashe, amma abin da ke isa bakin burushi ɗigo ne. Maimakon ya wanke, sai ya dama ƙurar ta zama laka a kan gilashi. Ya sauko ya duba tiyo, ba huda. Ya duba batir, a cike yake. Ya taɓa famfon, zafi ya sa ya janye hannu. Ya sake hawa, ya yi ta fama har rana ta take, taga ɗaya ba ta fita ba.

Aka kira Azahar. Ya murɗe ruwa daga sanda, ya sauko ta ɗaya gefen ginin, kansa cike da damuwa, ya bi jama'a zuwa tsohon masallaci. Gargaɗin Malam Sulle bai faɗo masa ba. Famfon ya ci gaba da turawa, alhali babu inda ruwan zai fita.

Da aka idar ya dawo, tun daga nesa ya ji ƙaurin roba. Jan famfon ya yi baƙi, ya narke ta gefe guda.

Ya zauna a bakin ƙofar mota, ya kira Malam Sulle a waya.

Dattijon ya ce, "Irin baƙin nan ba ni da wani, sai an yo oda, kuma ba zai iso gobe ba. Guda ɗaya na sani a yankin nan da zai kai ruwa wurin. Ka san motar da yake ciki."

Abdulmutalib ya dubi wayar. Ya tuna tasha, ya tuna hon, ya tuna hannun Liman a cikin nasa. Sa'an nan ya danna lambar Badaruddeen.

"Salamu alaikum, taubashi."

"Wa alaikumus salam. Yau kuma taubashi na zama? Ina ka ajiye Sarkin Jinkirin?"

"Badaru, don Allah ka bar wannan. Famfona ya ƙone. Na yi wa Liman alkawari, gobe ake buɗewa."

Badaruddeen ya ce, "Ina wani aiki a cikin Rogo, zan ba su haƙuri. Kada ka gaya wa kowa komai. Ka jira ni bayan La'asar."

Abdulmutalib ya zaci zai ga motar ɗan'uwansa ta shigo gari, kowa ya gane cewa ya gaza. Ba haka aka yi ba. Badaruddeen ya ajiye motarsa can bayan gari, ƙarƙashin wata ɗorawa. Ya kwance famfonsa da sifana, ya sa a buhu, ya saɓa a kafaɗa, ya shigo da ƙafa kamar mai kai aika. Ya shiga bayan motar Abdulmutalib ya ɗaura shi a gurbin ƙonannen.

"Hau," ya ce. "Motarka ce, alkawarinka ne. Ni yau zan riƙe maka tiyo, ai ka daɗe kana nemana."

Abdulmutalib ya ɗauki sandar. Ya hau.

Subhanallahi! Famfon nan da aka ce tari yake yi, ba a ma jin sautinsa daga rufin, amma ruwansa ya haura bango, ya haura rufi, ya bi sanda har ƙarshenta, ya fito siriri da ƙarfi bai yanke ba. Laka ta fara zubowa. Kafin Magariba sun gama tagogi bakwai. Suka kwana a garin, bayan sallar Asuba suka ƙarasa biyar.

Da hantsin Juma'a aka riƙo hannun Malam Mahmudu, aka shigo da shi ya ji yadda wuri ya kasance. Da ya kai tsakiyar masallacin sai ya tsaya cak. Haske ya sauko daga tagogin gabas, ya zuba a kan sababbin tabarmi, ya cika ɗakin har kusurwoyi. Dattijon ya ɗaga fuskarsa sama, ya daɗe a haka.

Ya ce, "Ku miƙo mini Alƙur'ani."

Mutane suka dubi juna, domin kowa ya san da ka yake karatu tun da idonsa ya raunana. Aka miƙa masa. Ya zauna inda hasken ya fi ƙarfi, ya buɗe, ya kusanto da shafin, ya ɗora yatsa. Sai yatsan ya fara tafiya a kan layi, leɓɓansa na bin sa. Hawaye ya gangaro cikin farin gemunsa.

"Shekara huɗu rabona da ganin baƙi da idona," in ji shi. "Allahu Akbar. Ashe ban makance ba, duhu ne ya yi mini yawa."

Manyan mutane suka riƙa share ido da bakin rawani.

Liman ya ce a kira masa mai wankin. Aka turo Abdulmutalib gaba, dattijon ya ɗaga hannu zai yi masa addu'a. Badaruddeen yana can bakin ƙofa yana naɗe tiyo, babu wanda ya kula da shi. Da Abdulmutalib ya yi shiru, da maganar ta wuce a haka har abada.

Amma ya ce, "Allah gafarta Malam, a dakata. Ni na yi alkawari, amma ba ni na cika shi ba. Famfona ya ƙone tun jiya, saboda an ba ni shawara na raina. Wancan da ke bakin ƙofa ɗan kawuna ne. Na daɗe ina muzanta shi a gaban mutane. Shi ya bar aikinsa, ya ɗauko nasa a buhu don kada a san na gaza."

Liman ya ce, "Ku kawo mini shi."

Ya haɗa hannayensu biyu cikin nasa. "Ɗaya ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, ɗaya ya tona na kansa don gaskiya. Ban san wanda ya fi burge ni ba. Allah Ya haskaka kaburburanku kamar yadda kuka haskaka ɗakinSa."

Masallaci ya amsa da amin.

Baƙin da suka zo buɗewa daga Falgore da Jajaye sun koma da labarin, kuma tun daga ranar duk mai gini mai tsawo Badaruddeen yake nema. Shi kuma ba ya zuwa sai da taubashinsa. Abdulmutalib ya koma bokiti da tsani har kaka ta zagayo, sa'an nan ya je wurin Malam Sulle. Bai ce a gwada a bokiti ba. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce, "Baba, in Allah Ya so, wannan." Ƙonannen kuwa har yau yana rataye a bayan motarsa, ya hana a jefar.

Darasi: Kada ka auna sabon aiki da ma'aunin tsohon aikinka, kuma kada ruri da sheƙi su ruɗe ka. Kayan da amanar mutane za ta rataya a kansu, ka yi haƙuri ka sayi nagari, ka saurari wanda ya riga ka sani. Wanda kake yi wa dariya saboda jinkirinsa, wataƙila ta hannunsa Allah zai rufa maka asiri. Ku tura wannan ga 'yan'uwa, musamman masu sana'ar hannu, ko Allah zai amfanar da wani.

Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya karanta, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sanya haske a zukatanmu da idanunmu. Amin.