Buhun da Ba Shi da Suna

Akwai wata mata, matar wani manomi, a wani ƙauye da ke bayan dutse. Ku kasa kunne da kyau, don wannan ba labarin da can ba ne, ɗanye ne sharaf, ko mako bai yi da ƙarewa ba!

Matar nan 'ya'yanta biyar, babban kuwa soja ne. An kai su can bakin daga, inda ko waya ba ta shiga. Wata huɗu cur ba ta ji muryarsa ba. In ta ji a rediyo an ce an yi artabu, sai ta ture kwanon tuwo gefe. In ta hango baƙuwar mota ta nufo ƙauye, sai ta ce ko mugun labari aka kawo, ta zauna a kan turmi har motar ta wuce. Amma ba za ka taɓa ji ta ce tana kewarsa ba. Ina! Ɗan fari ne fa. Kun san yadda iyayenmu na ƙauye suke da kunyar ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna, shekara ashirin da huɗu ke nan, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Da ya shiga soja sai ta koma cewa "mai kakin nan".

To, ran wata Lahadi sai aka yi sanarwa a majami'a, wai ran Alhamis babbar motar soja za ta tashi daga barikin birni zuwa bakin daga. Duk mai ɗa ko miji a can ya kawo ɗan saƙonsa bakin ƙofar bariki kafin ƙarfe goma na safe. In wannan ta tafi kuwa, ba wanda ya san ranar da wata za ta sake zuwa.

Tun a hanyar gida take lissafin abin da za ta aika masa. Suna shiga ta ce wa mijinta, "Maigida, ka ji sanarwa?"

Ya ce, "Na ji."

Ta ce, "To, bunsurun nan..."

Ya ce, "Wanda muka ajiye don Kirsimeti?"

Ta sunkuyar da kai. Shi ma bai ƙara tambaya ba, ya ce a miƙo masa wuƙa.

Kai, ku zo ku ga aiki! Kwana uku matar nan ba ta zauna ba. Ta dafa naman, ta daka, ta soya shi ya zama dambu, ta shanya har ya bushe ƙarau don kada ya yi fumfuna a hanya. Ta soya gyaɗa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli. Ta daka yaji da citta da daddawa, irin wanda yake so, wanda yake sa mutum atishawa tun daga zaure. Ta sa garin kuka, ta sa safa biyu, ta sa sabulu, amma shi sai da ta naɗe shi a leda har uku don kada ƙamshinsa ya shiga dambun. Tana aiki tana tunani: yana cin abinci kuwa? Yana da bargo? Yana ma nan da rai? In wannan tunanin na ƙarshe ya zo, sai ta ƙara ƙarfin daka har taɓarya ta nemi tsage turmi.

Da ta gama ta ɗinke bakin buhun da basilla. Mijin ne ya kamata ya kai, amma fartanya ta sare shi a ƙafa, ƙafar ta kumbura, ko takalmi ba ya shiga. Sai ya ɗauki biro ya rubuta sunan yaron da lambarsa ta soja a takarda, ya ce, "Ga shi. Ba sai kin ce kome ba. Ki miƙa musu wannan kawai, su za su rubuta a jikin buhu."

Ta ji sanyi a ranta, don ita ba ta iya karatu ba, kuma ga shi an ɗauke mata nauyin magana.

Ran Alhamis da sassafe, har ta fita sai ta tuna da kwalbar man gyaɗar da ta matse. Ta koma da gudu ta ɗauko, ta jefa a leda, ta jefa takardar ma a ciki don kada ta faɗi. Ta hau a-kori-kura. Hanyar nan kuwa duk ramuka ce, motar tana tsalle, kwalba tana tsalle, murfin kuma ashe bai rufu da kyau ba.

Ta iso bakin bariki goma saura kwata. Mutane cike, mata da tsofaffi, kowa da ƙunshinsa, kuma babu ko mutum ɗaya da ta sani. Ga motar nan a tsaye, an kusa cika ta. Wani soja, Kofur Mamuda, yana zaune a kan benci da alƙalami mai kaurin baki, shi ke rubuta sunaye a jikin kaya.

Da layi ya zo kanta ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "Haba Mama, tashi, ni ne zan gaishe ki. Na wa ne wannan?"

Ta sa hannu a leda ta zaro takardar. Wayyo! Takarda ta sha mai ta ƙoshi. Rubutun duk ya narke ya zama shuɗin tabo. Kofur ya ɗaga ta sama, ya juya ta, ya matse ido, ya ce, "Mama, wannan ai sai dai a soya ƙosai da ita. Ba kome, faɗa mini sunan da baki."

Nan fa ake yin ta!

Ta ce, "Ai... yaron gidanmu ne. Dogo ne haka, yana da wushirya."

Ya ce, "Mama, mu fiye da dubu ne a can. Masu wushirya kaɗai za su cika motar nan."

Ta ce, "Sunan wani annabi ne da shi."

Mutanen da ke layi suka fashe da dariya. Kofur ya ce, "Rabin barikin nan sunayen annabawa ne da su. Kina da lambar wayar wani a gida mu kira?"

Ba ta da ita. Ƙauyen ma sai an hau dutse ake samun sabis.

Sai Kofur ya dube ta da kyau, ya rage murya ya ce, "Ɗan fari ne, ko?"

Ta gyaɗa kai.

Ya ce, "Na gane. Tawa uwar ma har yau 'kai wannan' take ce mini. Amma ki ji gaskiya, Mama. Kayan nan sau uku za su canja mota kafin su isa, kuma ba ni ne zan raba ba. Buhun da ba suna, a zangon farko za a farke shi a cinye. Ba mugunta ba ce, ba a san mai shi ba ne. Shi kuwa ɗanki zai tsaya yana kallo ana kiran kowa ana ba shi na gida, har a gama ba a kira shi ba."

Ta buɗe baki. Sunan ya taso tun daga ƙirjinta, ya zo maƙogwaro, ya tsaya cak. Ta ji kamar duk matan ƙauyensu suna tsaye a bayanta, da surukarta da ta rasu, suna cewa, "A'a! Dubi marar kunya!" Wata mata a baya ta ce, "Baiwar Allah, ki yi sauri mana, mu ma da namu!" Kofur ya janye buhun gefe ya ce, "Ki yi tunani, Mama. Na gaba!"

Ta koma jikin katanga ta tsaya. Tana gani aka karɓi na wannan, aka karɓi na wancan. Layi ya ƙare. Aka ja tamfol aka rufe kaya. Direba ya hau, ya tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe. Buhunta yana nan a ƙasa shi kaɗai, da bunsurun Kirsimeti a ciki, da kwana ukunta a ciki. Ta ce a ranta, in yaron nan ya ga kowa ya samu shi bai samu ba, me zai ce? Zai ce an manta da shi. In kuma wani abu ya same shi yana wannan tunanin fa?

Kofur ya sa alƙalaminsa a aljihu, ya kama ƙarfen mota zai hau. Taya ta fara juyawa.

Sai kawai aka ji wata murya ta tsaga wurin:

"Irmiya! Sunansa Irmiya! Ɗana ne, ni na haife shi!"

Jama'a, har mai gadin ƙofa sai da ya zabura! Kofur ya buga jikin mota da tafin hannu, direba ya taka birki. Ya diro da gudu ya zaro alƙalami ya ce, "Yawwa Mama! Amma Irmiya uku na sani a can. Irmiya wa?"

Kun ga wata sabuwa! Sunan maigida ke nan ake nema, wanda shi ma tun ranar aurensu ba ta taɓa kama shi ba. Ta rufe fuska da gyale, ta ce daga ciki, "Tanko. Irmiya Tanko. Ku rubuta, ku rubuta kafin in mutu!"

Wurin ya kaure da dariya da tafi. Matar da ta ce ta yi sauri ɗazu, ita ce ta rungume ta tana share hawaye. Aka rubuta suna da manyan baƙaƙe, da sunan ƙauye, aka cilla buhu sama, mota ta tafi.

Amma kada ku ce hankalinta ya kwanta. Mako ɗaya shiru. Mako uku shiru. Mako biyar, rediyo ya sake cewa an yi artabu. Ta rame, ta daina zuwa kasuwa. Kullum tambayarta ɗaya: ya isa kuwa? In ya isa, ya tarar da mai shi?

Sai ran Talatar nan da ta wuce, da rana tsaka, ga matar fasto a guje da waya a hannu tana haki, wai tana kan dutse aka kira daga wajen sojoji, a zo a hau, za a sake kira! Uwar Irmiya ta hau dutsen nan ba takalmi. Waya ta yi ƙara. Murya tana yankewa tana dawowa, amma ta Irmiya ce, ashe ya samu inda waya ke shiga!

Ya ce, "Inna, saƙo ya iso! Mu goma sha biyu muka ci dambun nan. Inna, wai da gaske ne abin da Kofur Mamuda ya gaya mini? Wai kin kira sunana a bakin bariki har mota ta tsaya?"

Ta share hawaye da bakin gyale. Can ta ce, "Kai, rabu da ni. Yajin bai yi gishiri da yawa ba?"

Yana dariya yana kuka, har sabis ya ɗauke.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, kuma da mu yake.

Buhun nan shi ne ƙaunar da ke cikin zuciyarmu. Matar nan ba ta rasa ƙauna ba, buhunta ma ya fi na kowa nauyi. Amma saura ƙiris ya zauna a ƙasa, don ba ta faɗi na wane ne ba. Haka muke yi. Muna ƙaunar mutum, muna yi masa wahala a ɓoye, amma bakinmu a rufe, shi kuwa yana can yana zaton an manta da shi. Kunya abu ne mai kyau, ba wanda ya ce a zubar da ita. Amma akwai ranar da in ka riƙe ta, ɗan'uwanka ne zai kwana da yunwa.

Motar kuwa ita ce zarafin da Allah yake ba mu. Ba ta jira, kuma ba mu san ko wata za ta sake zuwa ba. Waɗanda suke bakin daga ba su da tabbacin gobe. Mu ma da muke zaune a nan ba mu da shi.

Saboda haka in za mu yi addu'a domin sojojinmu, kada mu tsaya a "Allah ka kiyaye su" kawai mu wuce. Mu tambayi iyayensu da matansu sunayensu, mu kira su ɗaya ɗaya a gaban Ubangiji. In ana haɗa saƙo, ko ƙuli-ƙuli biyar gare ka, kawo, ka sa 'yar wasiƙa a ciki.

Akwai kuma wani suna da yawancinmu muke jin nauyin faɗa a makaranta da kasuwa, sunan Ubangijinmu Yesu. Muna ƙaunarsa a zuci, amma in aka tambaye mu na wane ne mu, sai mu fara kewaye-kewaye kamar matar nan a gaban Kofur. Shi kuwa bai ji kunyarmu ba. A gaban jama'a, da rana tsaka, ya ce mu nasa ne, ya kuma biya da jininsa.

Wa kake ƙauna wanda bai taɓa ji daga bakinka ba? Kada ka bari sai taya ta fara juyawa. Ka faɗa masa yau, kafin ka ci tuwon rana.