Koren Da Ya Ruɗi Oga

Akwai wata matashiya da ake ce wa Auta, tana aiki a ofishin kula da muhallin birni. Aikinta shi ne duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, ta fitar da taswira. Inda akwai tsirrai sai ya fito kore, inda siminti da kwano suka cinye ƙasa sai ya fito ja.

Wata shekara ofishin ya samu dashen itatuwa dubu biyar. Oga ya ce unguwannin da suka fito ja kaɗai za a ba.

Baba Direba, wanda ya shekara ashirin yana tuƙa motar ofishin, shi aka aika ya karɓo taswirar daga wurin masu bugawa. Yana shimfiɗa ta a tebur ya hango unguwarsu ta bayan tasha ta fito kore shar. Ya sosa ƙeya, ya ce ai a unguwarsu ko akuya sai ta raɓe jikin katanga take samun inuwa, jikokinsa kuwa kullum cikin ƙurajen zafi suke.

Oga, da ma mutum ne mai ji da takardunsa, ya tuntsire da dariya.

"Baba, na'urar da ke sararin sama ta gani, kai da tsagaggen tabarau za ka musa? Je ka wanke mota."

Baba ya juya ya nufi ƙofa. Amma Auta ta ga yadda ya sunkuyar da kai, abin ya tsaya mata a rai.

Washegari ta roƙe shi ya kai ta unguwar. Gani ya kori ji. Layi bayan layi, ko bishiya ɗaya babu. A tsakiya kuma ga wani ƙaton rami da magina suka ɗebi ƙasa, ruwan kwata ya cika shi, kainuwa ta rufe samansa ruf. Wannan shi ne koren da tauraron ya gani. Ga wari, ga sauro.

Auta ta ɗauki hotuna, ta koma ta haɗa da taswirar zafi. Ashe duk birnin babu inda ya kai unguwar zafi.

Ranar taro ta ajiye komai a gaban manya, ta faɗa musu kuskuren nata ne tunda ita ta fitar da taswirar, kuma Baba Direba ne ya gano shi. Oga ya yi ta gyaran murya. A ranar aka sa unguwar a saman jerin waɗanda za a ba itatuwa.

Bayan shekara huɗu sabon hoto ya iso. An cike ramin, koren ya bi layi-layi a gefen tituna. Oga da kansa ya sauka har wurin ajiye motoci ya kira Baba, ya ja masa kujera gaban kwamfuta.

Baba ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa kan wani ɗan ɗigo kore, ya dubi Auta.

"Wannan bishiyar ƙofar gidana ce, 'yata. Ni nake ba ta ruwa."

Ni dai wallahi ina alfahari da irin su Auta da Baba.

Darasi: Ilimi ba ya cika sai da sauraro. Kada matsayinka ya sa ka raina maganar wanda ke zaune a inda kai kake hange daga nesa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe da ofis.